Baba ya ƙi yarda a yi masa aikin leza a ido

Assalamu alaikum Anti. Mahaifina ɗan shekara 64 ne, tsohon malamin firamare, yana zaune a garinmu a jihar Jigawa, ni kuma ina aure a Kano. Shekara 15 ke nan yana fama da ciwon sukari, ga hawan jini. Tun bayan babbar sallah yake cewa yana ganin wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a idonsa na dama. Na kawo shi asibiti, likita ya ɗiga masa magani ya duba, ya ce sukarin ya taɓa bayan idanun duka biyu, wasu sababbin jijiyoyi sun tsiro, na daman har ya fara zubar da jini a ciki. Ya ce a yi masa aikin leza, wato aiki da wani siririn haske mai ƙarfi, kada a wuce mako biyu. Baba ya amince da farko, amma da muka koma gida sai Baffa, ƙanensa, ya ce ƙona ido ake yi, wai abokinsa da ƙafarsa ya je aka yi masa, yau ga shi da ɗan jagora. Ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yayana da ke Abuja kuma ya turo bidiyo cewa bincike ya nuna leza tsohon yayi ce, allura ake yi yanzu. Ya sake turo wani wai masana sun gano yadda ido zai sake tsirowa kamar na wani kifi, don haka a ɗan jira. Yanzu Baba ya ce a ƙyale shi. Har yanzu yana karanta Alƙur'aninsa da idon hagu. Ina tsoron in matsa a yi ya makance a ce ni ce, ina kuma tsoron in yi shiru. Me zan yi?

Wata baiwar Allah, Kano.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Ba zan ja miki rai ba: a bisa abin da kika ce likita ya gani, ki yi iya ƙoƙarinki a koma asibiti cikin lokacin da ya ɗiba. Amma ba za ki iya mayar da Baba asibiti da "Anti ta ce" ba, sai kin riƙe hujjar da kanki. Kuma abin da ya sa maganar ta yi wuyar warwarewa shi ne, daga Baffa har Yayanki babu wanda ya yi ƙarya.

Baffa ya ce ƙona ido ake yi. Haka ne, ƙonawa ake yi, kuma kada ki yi gardama da shi a kan wannan. Abin tambaya shi ne wane wuri ake ƙonawa, kuma don me.

A can bayan ido akwai wani siririn tantani da ya lulluɓe cikin ƙwayar idon. Shi ne ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Tsakiyarsa ɗan ƙaramin wuri ne, amma da shi ake karatu, da shi ake gane fuskar mutum, da shi ake zura zare a allura. Sauran faɗin tantanin na ganin gefe ne da gani cikin duhu. Sukari in ya daɗe yana hauhawa a jini yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da wannan tantani, wasu su riƙa yoyo, wasu su toshe gaba ɗaya. Wuraren da jini ya daina isa, yawanci a gefe-gefe, sai su rasa iskar oksijin, su fara fitar da wani sinadari da masana ke kira VEGF, wanda aikinsa shi ne ya umarci jiki ya tsiro da sababbin jijiyoyi. Jikin yana neman gyara ne, amma gyaran ya fi ɓarnar muni. Waɗannan sababbin jijiyoyi ba su da ƙwari, suna tsirowa inda bai kamata ba, suna fashewa su zuba jini a cikin ruwan ido. Baƙaƙen abubuwan da Baba yake gani suna yawo, jinin ke nan. In aka bar su, sukan yi tabo, tabon ya tsuke ya ja tantanin ya ɓalle daga mazauninsa. Wani lokaci kuma su tsiro har a gaban ido su toshe mafitar ruwa, ido ya ɗauki wani irin hawan jini mai azabar ciwo. Duk wannan yana iya tafiya mutum yana karatunsa lafiya lau, domin ɓarnar daga gefe take tasowa. Saboda haka karatun da Baba yake yi da idon hagu ba shaida ba ce cewa idon hagun ya tsira.

Abin da likita yake yi da leza shi ne ya bi waɗancan wurare na gefe da ƙananan ɗigo-ɗigon ƙuna, sama da dubu ɗaya a kowane ido, yana kauce wa tsakiyar. Wurin da aka ƙona ya daina neman iska, ya daina fitar da sinadarin, sababbin jijiyoyin su rasa mai kiran su, su yanƙwane. Kin san yadda ake yi in gobara ta kama a unguwar da ke da dangar kara: ana tuge dangar da hannu don wutar kada ta kai ɗaki. An yi asarar danga, kuma wanda ya tuge ta ya san ya yi asara.

Asarar a nan ta gaske ce, kuma gara Baba ya ji ta tun yanzu daga bakinki ko bakin likita. Ganin dare yakan ragu, zuwa masallaci da asuba ko isha zai iya buƙatar tocila. Ganin gefe yakan ɗan tsuke. Kwanakin farko ido yakan yi hazo. Abu mafi muhimmanci kuma, wanda rashin faɗinsa ke jawo yawancin zargin da ake yi wa likitocin ido: wannan aikin ba ya dawo da ganin da ya riga ya tafi, tsare wanda ya rage yake yi. Mutumin da ya shiga da tsammanin zai fito yana gani tangaran, ya fito ya ga hazo, dole ya ce an cuce shi.

Wannan dabara ta girmi leza kanta. Wani likitan ido ɗan Jamus, Gerd Meyer-Schwickerath, ya lura da tabon da ke fitowa a bayan idon waɗanda suka ƙura wa rana ido lokacin husufi. Ya yi tunanin in haske na iya yin tabo a inda ba a so, to ana iya sarrafa shi ya yi a inda ake so. A 1949, a birnin Hamburg, ya kafa madubai a kan rufin asibiti yana janyo hasken rana zuwa ɗakin aiki. Sai dai Jamus ba Jigawa ba ce, in hadari ya rufe sama ranar babu aiki, don haka daga baya aka koma amfani da wata fitila mai tsananin haske da kamfanin Zeiss ya ƙera. Ita leza, Albert Einstein ne ya shimfiɗa ka'idarta a takarda tun 1917, amma sai a 1960 Theodore Maiman ya kunna ta farko a Amurka. Bambancinta da hasken fitila shi ne launinta ɗaya ne tak, kuma tana tafiya a dunƙule ba ta bazuwa, don haka likita zai iya ajiye ta a kan wurin da bai kai rabin milimita ba, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ba tare da ta taɓa maƙwabcin wurin ba.

Ko a Amurkar ma likitoci sun yi irin gardamar da ake yi a gidanku. Wasunsu suna cewa wace irin hauka ce a ƙona tantanin ido don a ceci ido. Sai hukumar binciken ido ta ƙasar ta shirya gwaji a farkon shekarun 1970, a cibiyoyi 15, da mutum sama da 1,700. Tsarin gwajin ne ya sa nake ba shi nauyi: kowane mutum ido ɗaya aka yi wa aikin, aka bar ɗayan. Jini ɗaya, sukari ɗaya, abinci ɗaya, bambancin kawai wannan an yi masa, wancan ba a yi ba. Bayan shekara biyu, cikin idanun da aka bari, kimanin 16 cikin 100 sun yi mummunar asarar gani, cikin waɗanda aka yi wa aikin kuwa kimanin 6. A idanun da suka fi shiga haɗari, wato masu sababbin jijiyoyi da suka fara zubar jini, irin yadda aka kwatanta na daman Baba, 26 cikin 100 ne a gefen da aka bari, 11 a gefen da aka yi wa. Tazarar ta fito fili har a 1976 masu binciken suka sauya tsarin, suka ce ba daidai ba ne a ci gaba da barin irin waɗannan idanu haka nan, aka koma yi musu su ma.

Ki dubi wancan 11 ɗin da kyau, domin abokin Baffa yana iya kasancewa a cikinsu. Akwai waɗanda ake yi wa aikin su makance duk da haka. Yawanci waɗanda suka zo ne bayan tabo ya riga ya kama, ko aka yi musu zama ɗaya ba su koma na biyu ba, ko sukari da hawan jini suka ci gaba da yin yadda suka ga dama. Yana yiwuwa ma ciwonsa daban ne, don ana amfani da leza a hawan jinin ido, ana amfani da ita bayan aikin yanar ido, kuma kowanne da nasa labarin. Amma ko da ciwonsu ɗaya da Baba, Baffa mutum ɗaya ya gani. Waɗanda aka yi wa suka ci gaba da harkokinsu ba su da alama a goshi, ba wanda ke nuna su a kasuwa. Wanda ya ƙi zuwa ya makance a gida kuma, ba a cewa ƙin zuwan ne, sai a ce sukari ne ya ci idonsa, ko a ce ƙaddara.

Sai batun Yayanki. Allurar gaskiya ce, kuma babban ci gaba ce. A 1989 wani masani ɗan Italiya da ke aiki a Amurka, Napoleone Ferrara, ya ware wancan sinadari na VEGF. Daga nan aka haɗa maganin da ke kama shi ya hana shi aiki. Na farko, Avastin, don sankarar hanji aka amince da shi a 2004, domin ita ma sankara da sababbin jijiyoyi take ciyar da kanta. Likitocin ido suka ga ai maƙiyin ɗaya ne, suka fara sa ɗan kaɗan a cikin ido, sannan a 2006 aka fito da Lucentis wanda aka yi musamman don ido. A 2015 aka buga sakamakon wani gwaji a Amurka da ya haɗa allurar da leza kai da kai, a mutum 305 masu irin ciwon Baba. Bayan shekara biyu ganin masu allura bai gaza na masu leza ba, kuma sun fi su tsira da ganin gefe. Ina jin daga nan ne bidiyon Yayanki ya samo tushe.

Abin da bidiyon bai faɗa ba shi ne allurar ba ta zama a ido. Bayan 'yan makonni ƙarfinta ya ƙare, tantanin da ke jin yunwar iska kuwa yana nan, zai ci gaba da fitar da sinadarin. Don haka a farko wata-wata ake yin ta, sannan a ci gaba da zuwa ana dubawa shekara da shekaru. Ko a cikin wancan gwaji, inda ake bibiyar mutane ana kiran su a waya, kusan kashi ɗaya cikin uku ba su kai ƙarshen shekara biyar ba. Wasu likitoci a wani babban asibitin ido a birnin Filadelfiya na Amurka suka bi sawun marasa lafiyar da suka ɓace sama da wata shida sannan suka dawo. Suka tarar waɗanda allura kaɗai aka yi musu sun fi dawowa da tantani a ɓalle da gani a lalace, fiye da waɗanda aka yi wa leza. Tabon leza yana nan yana aiki ko mutum ya zo ko bai zo ba.

To ki auna da Baba. Daga garinku zuwa Kano kowane wata, kuɗin mota, kuɗin allura na ido biyu, damina, rashin lafiyar wani a gida, watan da albashi ya makara. In Yayanki zai ɗauki nauyin wannan duka na tsawon shekaru ba fashi, sai a zauna da likita a tattauna. In kuwa bidiyo kawai zai turo, ni a ganina leza ce ta dace da rayuwar Baba. Ba kuma dole ne a zaɓi ɗaya a jefar da ɗaya ba. In tsakiyar tantanin ta kumbura da ruwa, a nan allura ta fi leza, kuma sau da yawa likitoci suna haɗa su: allura ta kwantar da kumburin, leza ta tsare gefe. Ki tambayi likita ko Baba yana da wannan kumburin.

Labarin kifin ma gaskiya ne. Akwai wani ɗan ƙaramin kifi mai zane-zane a jiki da masana ke kiwo a ɗakunan bincike, wanda in tantanin idonsa ya lalace, wasu ƙwayoyin halitta da ke ciki sukan rikiɗa su maye gurbin waɗanda suka mutu. Mu ma muna da irin waɗannan ƙwayoyi a idonmu, amma ba sa yin haka. A 2017 masana a Jami'ar Washington suka samu nasarar tilasta musu yin wani abu makamancin haka a idon ɓera. A Japan kuma, tun 2014, Masayo Takahashi da abokan aikinta sun dasa wa wata tsohuwa ƙwayoyin tantanin ido da aka sarrafa daga fatarta, amma ciwonta na tsufa ne, ba na sukari ba. Aiki ne mai ban sha'awa, ina bibiyarsa da jin daɗi. Sai dai babu asibiti a duniya yau da zai tsiro wa mai ciwon sukari sabon tantani. Ki lissafa da kanki: daga takardar Einstein zuwa ranar da aka tabbatar leza tana tsare ido, shekara 59 ce. Likitan Baba mako biyu ya ce. Duk bidiyon da Yayanki zai sake turowa da "bincike ya nuna", ki tambaye shi a kan wa aka gwada, ɓera ko mutum, mutum nawa, kuma da me aka kwatanta.

Yanzu maganar gida, wadda ita ce mai wuyar. Kada ki tsaya gaban Baba ki ƙaryata ƙanensa, ba za ki ci riba ba, kuma bai dace da ke ba. Ki je wa Baffa shi kaɗai, ki gaishe shi, ki ce masa kin ji tsoron da yake ji kuma ke ma kina jin sa, ki roƙe shi ya raka ku asibiti ya yi wa likita tambayar abokinsa da bakinsa. Mutumin da aka ba girmansa aka sa shi cikin shawara ba kasafai yake ci gaba da jan birki ba. Yawancin asibitocin da ke yin wannan aiki suna ɗaukar hoton bayan ido, ki roƙi likita ya nuna wa Baba hoton nasa idon a kan allo, ya nuna masa jijiyoyin da jinin. Baba malami ne, ya yi shekaru yana cewa yara su zo allo su gani da idonsu, zai fi yarda da abin da ya gani. Batun tawakkali kuwa ba sai kin yi masa wa'azi ba, ya fi ni da ke sanin cewa neman magani ba ya kore shi.

In zuciyarsa ta fi son jin bakin likita na biyu, wannan haƙƙinsa ne, kuma likitan kirki ba ya jin haushin haka. A Kano akwai sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin ido na ECWA, a Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Ki nemi likitan da ya ƙware a bayan ido, ki tafi da takardun farko. Amma a yi shi cikin kwanakin nan, domin in jinin ya cika idon dama, hasken leza ba zai ratsa ya kai bayan ba, sai dai a jira ya washe ko a yi tiyata a kwashe shi, kuma wannan ya fi wuya, ya fi tsada, masu yin sa ma ba su da yawa. In kafin ranar Baba ya ga baƙin ya ƙaru farat ɗaya, ko wani duhu yana rufowa daga gefe, ko ido ya yi ja yana ciwo, a ranar za a tafi, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.

Game da tsoron a ce ke ce: za a iya cewa. Ba zan yi miki alkawarin bakin mutane ba. Abin da zai kare ki shi ne shawarar ta zama ta Baba, ya yanke ta bayan ya ji ribar da asarar daga bakin likita, a gaban Baffa, Yayanki kuma yana kan waya yana ji. Idonsa ne. In bayan duk wannan ya ce a'a, ba za ki ɗaure shi ba, amma ki roƙe shi ya yarda a riƙa duba idon a kai a kai, ƙofar ta zauna a buɗe.

Kada kuma a manta da tushen. A 1998 wani babban bincike a Birtaniya, kan masu irin sukarin da ke kama manya, ya nuna cewa riƙe hawan jini da kyau ya rage ci gaban wannan ciwon ido da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ki sa likitan sukarin Baba ya san abin da likitan ido ya gani, a duba ƙodarsa da ƙafafunsa, don jijiyoyin da suka lalace a ido irinsu ne a can. Kada kuma tsoro ya sa a ninka masa magani a gida don sukarin ya faɗi da sauri, saukar da shi farat ɗaya yakan tsananta ciwon idon na wani lokaci, likita ne zai tsara. Ke da Yayanki ma ku auna naku sukarin, yana bin jini.

Ranar aikin ba a kwantar da mutum, ba a yanka, ba a sa shi barci. Za a ɗiga masa maganin buɗe ido da na kashe zafi, ya zauna ya ɗora haɓarsa a kan na'ura, likita ya manna masa wani ɗan gilashi a ido. Zai riƙa ganin walƙiya, wani lokaci ya ji suka ko nauyi a bayan idon, in ya yi yawa ya faɗa, ana iya rage ƙarfin ko a ƙara maganin kashe zafi. Akan raba aikin zama biyu ko uku, don haka ki tambayi kuɗin duka tun farko, kuma ki tsara ya zauna wurinki a Kano har a gama, kada ya koma gida a tsakani. Ya ci abincinsa ya sha magungunansa kamar kullum kafin ku fita, ki riƙe masa ɗan abin taɓawa saboda layin asibiti yakan yi tsawo sukarinsa ya sauka, ki kuma tafi da baƙin tabarau, don idon zai ƙi rana har zuwa yamma.